Allon da Na Ƙi Cirewa

Azumin waccan shekarar ya ba ni wuya. Ban taɓa yin irinsa ba, ba na kuma fatan in sake. Ga zafi, ga rashin mai, ga ɗaki babu kowa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, amma da azumi ya zagayo ya sake faɗowa cikin bazara, sai nake jin kamar jiya na sauka daga motar nan.

Abba ne ya tayar mini da maganar. Ɗana ne, shi kaɗai gare ni. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa ake ce masa Abba. Shi ma direba ne, yana lodin Kazaure zuwa Babura. Ranar Talata da la'asar ya biyo ta rumfar da nake sayar da baƙin mai da tsofaffin tayoyi, ya tsaya da motarsa yana danna mini oda. Na ɗaga kai na ga ya yi mata ado. Wani abu kamar benci a saman but, kariyar ɗora kaya mai tsawo a rufi, fitilu huɗu jere a gabanta.

"Baba, sannu da ibada. Ya ka ga mutuniyar?"

Na ce, "Wannan katakon na baya na mene ne?"

"Haba Baba, wane katako? Roba ce. Fiffike ne, iska yake yankawa. Mai shagon ya ce har mai yake ragewa."

"Kariyar fa, da fitilun? Su ma mai suke ragewa?"

Ya yi dariya. "Ku dai mutanen da, komai sai kun kushe."

Ya ajiye mini ƙanƙara da dabino a kan benci, ya ce fasinja na jiransa, ya ja mota. Haka muke da shi. Ba ya rage ni da komai, amma ba ma zama. A hannun kakarsa ya tashi, ni baƙo ne mai zuwa ranar Juma'a.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da huɗu ko kusa da haka. Ba a yi Jigawa ba ma, muna cikin Kano. Idon kawuna ya yi rauni, ya sakar mini motarsa, tsohuwar tasi mai dogon baya. Aikina bin kasuwanni. Ran kasuwar Gwiwa ina Gwiwa, ran ta Roni ina Roni, haka Babura. Buhun gero a kariya, akuya a but, mutane a ciki an matse kamar goro a huhu. Boko aji uku na tsaya. Wannan rubutun ma a hankali nake yin sa, ina yi ina hutawa.

Da za a kawo mini matata Rabi daga wani ƙauye da ke gaba da Kanya Babba kaɗan, na ce sai motar ta yi kyau. Na je Kano na sayo fiffike da aka ciro daga wata motar waje da ta yi haɗari. Mai sayarwar ya ce da ni jirgin sama ma da irinsa yake tashi, in na sa shi motar za ta yi sauƙi, mai zai riƙa auki. Na yarda. Duk direbobin tasharmu sun yarda da haka. Na sa mata hula a goshin gilashi. Sannan na sa kafinta ya yanko mini allon katako, faɗinsa faɗin motar, tsayinsa kamu ɗaya, aka kafa shi tsaye a gaban kariya. Aka shafe shi da koren fenti, aka rubuta da rawaya: AMARYAR KANYA.

Da aka gaya wa Rabi abin da aka rubuta, rufe fuska ta yi. Ta ce, "Yanzu duk inda ka je sai an san da ni? Wallahi ka ba ni kunya." Amma na lura ranar da na wanke mota, ita take ɗauko tsumma ta ce in goge allon da kyau.

Shekara ta zagayo ta samu ciki. Da ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida, tunda na fari ne. Ta haihu saura kwana goma a kama azumi. Aka yi suna, ta zauna wankan jego a wajen mahaifiyarta, Inna. Ni kuma na dawo Kazaure, nake zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Gonaki duk a share suke, babu kara babu ganye, ana hango abu daga nesa. Rabi ta ce da ni akwai wata kafa a dangarsu, nan take zama. Ba ta iya karatu ba, amma ta san kore. Ta ce, "Tun kana kwalbati nake hango koren nan. Kafin ka iso na sa kallabi."

A cikin wannan ne mai ya ɗauke.

Yanzu mai yana nan ko'ina, hannu ne ba ya kaiwa. A lokacin kuwa babu shi ne ɗungum. Sai a ce tanka za ta zo, mu jera motoci a gidan mai tun hantsi. Ba wanda yake tayar da inji a layi. In aka matsa gaba sai mu taru mu tura ta farko, mu dawo mu tura ta biyu, har ƙarshe, kowa da bakin azumi. Jikin mota ba ya taɓuwa, sai ka naɗe hannu da riga. Sitiyari kuwa sai ka jiƙa tsumma ka rufa masa. Kwalta tana laushi har tana kama takalmi. Da azahar kowa ya shige ƙarƙashin motarsa ya kwanta, ba mai magana, don magana ma yawu take ci. In tankar ta zo a ba ka galan ɗaya ko biyu. In ba ta zo ba ka tura motarka gefe, gobe ka dawo. 'Yan bumburutu suna nan, amma nasu rabi kananzir ne, ka zuba motarka ta yi ta tari.

Muka koyi dabaru. A gangara a kashe inji. Ba a tashi sai mota ta cika maƙil. Kowa yana da karan da yake zurawa a tanki ya ga inda ya jiƙe. Ni nawa lissafin ɗaya ne: duk abin da zan yi a mako, in rage wanda zai kai ni wajen Rabi ya dawo da ni.

Sama kuma ta ƙi. Kullum da la'asar sai gabas ta haɗa, mutane su fito su tsaya suna kallo, sai iska ta zo ta watsa shi. Wasu sun gaji sun yi binne, sun zuba irinsu a busasshiyar ƙasa suna jira. Rijiyar unguwarmu ta ja baya, guga yana fitowa da laka. An fita roƙon ruwa sau biyu.

Ina komawa gida dab da magariba. Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, kwanukanta a jere, tabarmarta a naɗe a lungu, murhu ya yi sanyi har gizo-gizo ya yi saƙa. Ban san inda take ajiye komai ba. Kwana uku ina neman ludayi. Matar maƙwabcina takan aiko da kunun tsamiya, ni kuma in sayo ƙosai a bakin titi. A bakin ƙofa nake shan ruwa, don cikin ɗakin kamar tanda yake. Akwai wata kaza da Rabi ta bar mini amana, baƙa mai wake-wake. Ita ma sai ta zo ta tsaya gabana baki buɗe, fiffike a sake. In zuba mata ruwa a murfin kwano, ta sha in sha. Ita ce abokiyar buɗa-bakina har azumi ya yi nisa.

A bakin tasharmu akwai wani mai walda, Bulus. Mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya girme ni sosai. Da azumi ba ya shan ruwa a gabanmu, sai ya zaga bayan rumfarsa. Shi ya kafa mini allon tun farko, kuma tun ranar yake ce mini Ango.

Wata rana ina ƙorafin motata ta fi ta kowa shan mai, ina cewa kafireta ce. Bulus ya ajiye abin hannunsa ya zagaya motar.

Ya ce, "Ango, kafiretarka lafiya lau. Kai da iska kuke dambe."

"Wace iska? Iska nauyi gare ta?"

"In kana gudu, fitar da hannunka ta taga ka miƙe tafin. Sannan ka kwantar da shi. Ka taɓa yi?"

"Kowane yaro ya taɓa yi."

"To wancan allon naka tafin hannu ne a miƙe, ƙato. Bango ka ɗauka kake yawo da shi. Kariyar nan ma ko babu kaya kama iska take yi."

Na ce ai fiffiken yana maganin wannan. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Wannan na motar tsere ne, don ya danne ta a ƙasa in tana gudun da kai ba za ka taɓa yi ba. A taka motar, tsumma kawai za a shanya a kai."

Na ji haushi. Na ce shi walda ya sani, ba tuƙi ba. Sai ya shiga rumfa ya fito da kwalba biyu cike da mai. Na injin waldarsa ne, kuma a lokacin kwalba biyu ba abin wasa ba ce. Ya ce, "Mu je mu tambayi motar."

Muka fita titin Roni, bayan gari, inda akwai wani dutse a gefen hanya. Ya cire tiyon tanki, ya zura wani a kwalba ɗaya, ya riƙe ta a hannu. Ya ce in yi gudun da na saba, kada in ƙara kada in rage. Muka tafi. Motar ta yi ta tafiya har ta fara shaƙuwa, ta mutu daidai gindin wata tsamiya. Muka mayar da tiyon tanki muka dawo wajen dutsen. Ya ɗauko sifana ya sauke allon, ya sauke fiffiken, muka kama kariyar muka ajiye a gona, wani mai kiwo ya ce zai duba mana. Ya sa kwalba ta biyu.

Abin da na fara ji shi ne shiru. Ashe duk shekarar nan da wani gurnani nake tafiya a saman kaina ban sani ba. Muka zo tsamiya, muka wuce ta. Ina kallonta a madubi tana ƙanƙancewa. Muka wuce wani kwalbati. Sai can wajen wani gawo motar ta tsaya. Bulus ya fita ya tsaya a tsakiyar titi, ya sa hannu a goshi yana hango tsamiyar.

Ya ce, "Wannan a kwalba ɗaya ke nan. Galan kuma kwalba nawa ne? Kai ka yi aji uku, ni ban yi ko ɗaya ba."

Da muka dawo tasha, kayan suna cikin but, direbobi suka taso. Akwai wani Ɗanlami, bakinsa ba ya shiru ko da azumi.

"Kai jama'a! An yi wa Amarya aski!"

Wani ya ce, "Idi, ko sakinta ka yi ba mu ji ba?"

Aka yi ta dariya. Wata tsohuwa mai zuwa Gwiwa, wadda kullum motata take shiga, ta zo ta wuce ni tana tambayar ina mai koren allo. Ni kuma abin da yake raina daban. Gobe Juma'a. Na tuna kafar dangar nan.

Na ce da Bulus ya mayar.

Ya dube ni. "Duka?"

"Duka."

"To kariyar ka riƙa saukewa in ba ran kasuwa ba. Allon kuma bari in kwantar maka da shi baya, ya zama kamar goshi, iska ta riƙa hawa ta wuce."

Na ce, "In ka kwantar da shi wa zai karanta? Tsuntsaye?"

Bai yi dariya ba. Na ce masa bayan salla, in an dawo mini da Rabi, ya cire duk abin da ya ga dama. Ya ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya, ya tafi bayan rumfa ya sha ruwansa.

Juma'ar na je. Rabi ta hango ni, ta sa kallabinta. Amma na ga ƙafafunta sun kumbura, in ta yi magana sai ta tsaya ta ja numfashi. Ta ce ba komai, zafi ne. Inna ta ce jego ne, kowace mace da irin nata, ana ba ta kunun kanwa ana yi mata wanka. Yayanta Sale ya rako ni wajen mota. Ya ce, "Ni dai ban so yanayin nan ba. In ya ƙi, zan aiko maka." Babu waya a lokacin. Aike sai wanda ƙafarsa ta biyo.

Ranar azumi na ashirin da uku, bayan azahar, ina ƙarƙashin mota a layin mai, na ji ana tambayar mai Amaryar Kanya. Wani mai fataucin awaki ne daga wajensu, ya biyo babbar mota. Ya ce, "Sale ya ce ka zo da mota yanzu-yanzu. Numfashin ya ƙi. Ya samo galan ɗaya a wajen wani mai babur, yana ajiye a gida, zai kai ku asibitin Babura. Kai dai ka iso."

Na zura kara a tanki. Ya jiƙe daidai inda yake jiƙewa in galan ɗaya ya rage. Na sha zuwa da haka in isa, har ya ɗan yi saura. Direbobi suka taru suka turo ni daga layi. Da na biyo ta bakin tasha, Bulus ya ji labari, ya fito da gudu da sifana a hannu yana ɗaga mini.

"Ango! Minti goma! Bari in sauke maka!"

Na leƙo na ce, "Ba ni da minti goma."

Ya nuna gabas da sifanar. Ban duba ba. Na taka mota.

Sai da na bar gari na ga abin da yake nuna mini. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, kuma can na nufa. Wannan karon bai watse ba. Iska ta fara zuwa, da zafi tukuna, sannan da sanyi. Ta ɗebo yashi da ganye tana watsa wa gilashi. Allon ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Motar kuwa sai ka ce wani ya riƙe mata riga ta baya. Ina taka totur har ƙasa, tana nishi, gudun ba ya ƙaruwa. Na san ina zubar da mai. Na san in na sassauta zai fi auki. Ƙafata ta ƙi ɗagawa.

Ban kai Kanya Babba ba motar ta fara shaƙuwa. Na yi ta jijjiga sitiyari hagu da dama don abin da ya rage a tankin ya gangaro. Ta ɗan ƙara, sannan ta mutu. Na fita na ɗaga gefenta da kafaɗa. Na cire tiyo na zuƙa da bakina, da azumina, ba abin da ya zo sai ɗaci. Na tsaya a titi. Ba mota gaba ba mota baya, wa yake da man yawo? Na ja ƙofa na kama hanya da ƙafa.

Ban yi nisa ba na ji ƙamshin ƙasa. Sai ɗigo, manya-manya, ɗaya nan ɗaya can. Sannan ya sauko gaba ɗaya. Ruwan da aka yi wata biyu ana jira. Na ratsa gefen Kanya Babba, mata suna fito da bahuna da tukwane suna tarawa a bakin indararo, yara tsirara suna tsalle a kwata, wani tsoho ya tsaya a ƙofar gidansa ya ɗaga hannu sama, ruwa yana zuba a gemunsa. Wani ya ƙwala mini kira, "Malam, shigo ka fake mana! Ina za ka a ruwan nan? Alhamdu lillahi!" Na ɗaga masa hannu na wuce. Laka ta riƙe mini takalmi, na cire na bar su a nan. Ruwa yana shiga bakina ina tofarwa. Tafiyar ta kai awa ɗaya.

A al'ada in na je a zaure nake tsayawa, in durƙusa in gai da Inna daga nesa. Ranar ita ta fito ta ce, "Shigo, Idi." Ba ta taɓa faɗin sunana ba sai ranar.

Rabi tana zaune an jingina ta da bango, don ba ta iya kwanciya. Jaririn yana gefe a cikin zane. Fuskarta ta cika, leɓenta ya canza launi. Ta dube ni, ruwa yana ɗiga daga jikina, sannan ta dubi bayana.

Ta ce, "Ban hango koren ba."

Na ce, "Tana nan kusa. Yanzu za mu kawo ta."

Ta ce, "To."

Ni da Sale muka ɗaure galan a kekensa. Keken bai hawu ba saboda laka, turawa muka yi, wani wajen mu ɗauke shi. Muka isa motar, muka zuba mai. Ruwa ya jiƙa filogi, sai da na goge su da hular Sale, muka tura ta sau uku kafin ta tashi. Iska ta kwanta, ruwan ya koma yayyafi. Tafiyar da na yi awa ɗaya da ƙafa, motar ta cinye ta kafin in gama addu'ar da na fara. Tun kafin in kashe inji a ƙofar gidan muka ji kukan mata. Sale ya sauke kansa a kan gaban mota. Ba a daɗe ba aka kira magariba. Wani ya miƙo mini ruwa a ƙwarya. Ban san ko na sha ba.

Da safe aka kai ta. Ƙasar ta yi laushi, masu haƙa ba su sha wuya ba. Daga maƙabarta mutane suka yi mini gaisuwa, kowa ya wuce gida ya ɗauko sungumi, don ruwan fari ba ya jiran kowa. Inna da kanta ta ce da Sale ya je ya zuba irin kada ƙasa ta sha iska. Kafin hantsi gonakin nan duk mutane ne, maza a gaba suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna takewa. Ni na ari ƙaramar sifanar keken Sale na hau kan mota. Notin da Bulus ya ɗaure sun yi tauri. Na daɗe a kai.

Liman ya ce kwananta ne ya ƙare, ko a ƙofar asibiti take sai ta tafi. Na yarda da wannan, har yau na yarda. Bulus ma da ya zo mini gaisuwa ya ce ba allon kaɗai ba ne, ga gudun da na yi, ga iskar hadari, kuma ba wanda ya san abin da likita zai iya. Na ce na sani. Amma ni na riƙe sitiyari ranar da muka auna da kwalba. Na san nisan da ke tsakanin tsamiya da gawon nan, na kuma san kwalba nawa ne a galan.

Abba ya zauna wajen Inna, wata ƙanwar Innar mai goyo ta shayar da shi. Na ci gaba da zuwa Juma'a da mota ba allo, ba mai hango ni. Na sake aure daga baya, bai daɗe ba, kuma ba laifin matar ba ne. Bulus ya tsufa ya koma garinsu, ban sake jin labarinsa ba. Inna ta rasu, Sale ya rasu. Motar an yanka ta an sayar da ƙarfen. Yanzu in mutum ba shi da lafiya a ƙauyen nan, waya ɗaya za a buga babura uku su zo ƙofar gida. Tsamiyar titin Roni tana nan. Gawon an sare shi.

Abin da Abba ya sani shi ne mahaifiyarsa ta rasu yana cikin zanen goyo. Ba wanda ya gaya masa sauran, kuma waɗanda suka sani duk sun tafi sai ni. Allon yana bayan ƙofar ɗakina, fuskarsa tana kallon bango. Na sauya ɗaki sau huɗu, yana biye da ni.

Ranar Talatar nan da Abba ya tafi, na sha ruwa da ƙanƙarar da ya kawo, ni kaɗai a bakin ƙofa. Sanyinta har haƙori. Gabas ta ɗan haɗa, ta watse.

Washegari da safe ban buɗe rumfa ba. Na jawo allon na goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Koren ya koɗe, gara ta ci gefe ɗaya, amma rubutun yana karantuwa. Na naɗe shi a buhu. Na yanko tiyo, na sayi mai kwalba biyu, na sa sifana a aljihu, na tafi tasha. Ɗan kamasho ya ce Abba ya yi lodi tun da sassafe, sai wajen azahar zai dawo daga Babura.

Ya ce, "Baba, in kira maka shi a waya?"

Na ce, "A'a, bar shi, tuƙi yake yi."

Ya matsa mini a benci. Na ajiye kwalaben a inuwa, na ɗora allon a kan cinyata, na zauna ina kallon hanyar da zai ɓullo.